Ɗaki Mai Fanka da Dokar da Na Rubuta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki teburina a ka, a gaban ɗalibaina.

Ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare da ke Gidan Dahala. Da mu malamai muka kafa ƙungiya, ni aka ba wa aikin rubuta tsarin mulkinta. Ina kuma takarar shugabanci da Malam Bello mai lissafi, wanda ba ma ga maciji da juna. Kowa na sonsa. Na tabbata zai kayar da ni, kuma shugaba ne ke raba aikin gadin jarrabawa. Tunanin abin da zai yi mini har abinci ya hana ni ci.

A taron malamai na miƙe na yi lacca. Na ce Ingila ta yarda da majalisarta, shi ya sa kotu ba ta soke mata doka. A Amurka sai doka ta fara aiki wani ya kai ƙara. Jamus ta sha wuya a hannun ɗan kama-karya, sai ta kafa kotu ta musamman. Faransa kuwa ta fi son a duba doka tun kafin ta fito. Kowace ƙasa da abin da take tsoro. (Ni abin tsorona yana zaune a kujerar gaba yana danna waya.)

Na haɗa mafi tsanani: kwamiti zai duba duk shawarar shugaba kafin ya aiwatar, kuma ba shi da wata alfarma. Aka naɗa Madam Rifkatu, malamar Turanci, shugabar kwamiti. Mace ce da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Sai na ci zaɓe. Har yau ban san yadda aka yi ba.

Murna ta mantar da ni komai. Akwai ɗan ɗaki kusa da ofishin shugaban makaranta, shi kaɗai ke da fanka mai rai (wanda ya san bazarar Sakkwato ya san darajar wannan). Na kwashe kayana na tare, na sa masa suna ofishin ƙungiya.

Lokacin tara Madam ta leƙo, malamai na bayanta.

“Malam, kwamiti ya zauna a kan ɗakin nan?”

Ta maimaita mini sashen alfarma da ka, a hankali, yadda na rubuta shi. Ta ce kafin a koma aji in fita.

Haka na kinkimi tebur na ratsa fili, ɗalibai na kallo, zufa na zuba. Malam Bello ya biyo ni da kujerata cikin ladabi.

“Ranka shi daɗe, wanga tsarin Faransa na, ko ko na Jamus?”

Tun ranar, in zan ɗinka wa abokin gaba doka, sai na fara gwada ta a jikina in ga ko zan iya numfashi.