Kira Talatin da Bakwai, Shago Wayam

"Lafiya ƙalau, har na yi ƙiba a kwana biyun da ban gan ki ba," in ji tsohon, bai ko ɗago kai ba. "Shigo, Latsau. Ki kula da dogayen ƙafafun nan, kar ki shure min gwangwanin mai."

"Ko ba ka ce ba zan shigo, angon ƙarni. Me ya rage na shurewa a shagon da ƙuda ma ya daina leƙowa?"

Shagon gyaran keken ɗinki ne, ɗan tsukuku mai warin mai da tsohon yadi. Kakanta ya shekara arba'in a kan benci ɗaya. Tun da aka gina katanga aka toshe titin gaba, masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, sai ta lungun baya ake shigowa. Mahaifinta, babban ɗan tsohon, ya yanke magana: in wata ya ƙare babu aiki, a mayar wa mai ginin makullinsa, Baba ya zauna a gida ya huta. Ita ce ta miƙe ta ce a ba ta watan. Aikinta ke nan a ofis, sa tallan mutane a intanet, ta yadda in wani ya nemi abu a wayarsa, sunan mai tallan ne zai fara fitowa. Ta kuma san abin da mahaifinta bai lura da shi ba: tun rasuwar kakarta, shagon nan kaɗai ke fitar da tsohon daga ɗaki. Yanzu saura kwana huɗu.

Ta ɗora kwamfutarta a kan teburin wani mataccen keke, ta buɗe.

"Matso ka ga abin kunyarka."

"Idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan."

"Amma yana ganin ramin allura."

"Ramin allura bai taɓa yi min ƙarya ba."

"To saurara, tunda kunnen ne ya rage maka. Mutum talatin da bakwai sun ga tallana, sun danna lambarka, sun kira ka. Talatin da bakwai, Kaka! Ina suke? Ƙarƙashin benci ka ɓoye su?"

"Tallan wa? Maimaita, ban ji ba."

"Tallana."

"Kunya dai ba ki gaje ta ba. Makon farko me kika rubuta? 'Ƙwararren injiniyan na'urorin ɗinki.' Wa ya kira? Ko mai kuskuren lamba bai kira ba. Ni na zaunar da ke na ce, yarinya, ba mai neman injiniya. Matar da aiki ya tsaya mata, abin da ke cin ranta take rubutawa. 'Kekena yana tsinka zare.' 'Yana tsallake ɗinki.' 'Yana cin yadi.' Kika sa su, waya ta fara kuka."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Har a ofis ta kai dabarar, shugabarta ta yaba mata a gaban kowa, ita kuwa ba ta ce daga bakin wani tsoho mai haƙori huɗu ta tsinto ta ba.

"Sa'a ka ci," in ji ta.

"Shekara arba'in ina cin sa'ar nan, ke kuma kina cin abincin gidana."

"Bar kwana-kwana. Ga shi nan a rubuce, kira ɗaya minti goma sha huɗu. Wani ashirin da biyu. Me kake gaya musu? Neman aure kake yi a wayar da na saya maka?"

"In na nema ai samu zan yi. Ke ce dai har yanzu ba wanda ya taya."

"Kaka."

Ya ɗauki wani ɗan tsumma ya shiga goge sukundireban da ba shi da datti. Ta san wannan gugar. Haka yake yi in an kama shi.

"Ba wani abu ba ne," in ji shi. "Cewa nake yi su kara wayar a jikin keken, su taka. Sai in saurara."

"Sai ka ce a kawo."

"Sai in ji ciwon. In yana ƙas-ƙas-ƙas, allura ce aka sa a baibai. In yana gurnani kamar ke da safe, mai yake so. In yana tafiya yana haki, zare ne ya naɗe a ƙasa."

"Sai ka ce a kawo!"

"Sai in ce ta juya allurar."

Latsau ta dafe kai da hannu biyu. "Ta juya, ya gyaru, ta yi godiya, ta kashe waya?"

"Wasu har addu'a suke min. Doguwa."

"Wayyo ni! Kaka, duk dannawar da aka yi sai an biya ta. Na share maka hanya, na kawo mutane har bakin ƙofa, kai kuma ka tsaya a ƙofar kana sallamar su ɗaya bayan ɗaya! A ofis aka ji wannan, korata za a yi. Ba tsufa ke damunka ba, rashin wayo ne, da shi aka haife ka."

"Shi kika gada, ai ga shi kina yi wa tsoho aiki ba lada." Ya ajiye tsumman. "Ke, in ce wa mace ta ɗauko ƙarfen nan a ka, ta bar kayan mutane a yanke, ta shiga mota, don allura ta juya? In karɓa in yi ta ƙwanƙwasa shi don ta ga kamar na yi aiki?"

"Saura kwana huɗu."

Muryar Latsau ta sauka ba ta shirya ba. Tsohon ya dubi makullin da ke rataye a ƙusa, igiyarsa ta yi baƙi don shan hannu.

"Na sani," in ji shi a hankali. "Ni ma ina kallon kalanda. Amma ban taɓa kwance keken da ba shi da ciwo ba, jikalle. Ba da furfura zan fara ba."

Ta buɗe baki za ta yi magana. Nan wayar ta ɗauki ƙara a kan benci. Ya miƙa hannu, ta riga shi.

"Yau za ka ga yadda ake yi." Ta gyara murya irin ta ofis, ta buɗe lasifika. "Barka da rana, shagon gyaran keken ɗinki ne."

"Yauwa," in ji wata mata, ana jin ƙarar mota a bayanta. "Baban nan nake nema, mai sauraron keke."

"Yana nan. Amma yanzu ba ma gyara ta waya, baiwar Allah. Sai dai ki kawo shago."

"Ai na kawo! Tun ɗazu muke zagaye. Taswirar da ke jikin tallanku ta kawo mu gaban wata katanga, ta ce mun iso. Shekaranjiya ma na zo, na koma. Na ɗauka shagon ya tashi."

Latsau ta dubi tallan a kwamfuta. Tsohon adireshin ta sa, na titin gaba. Ita kullum da ƙafa take shigowa ta lungu, bai taɓa faɗo mata a rai ta gwada bin taswirar ba. Ta saci kallon kakanta. Ya naɗe hannu a ƙirji, haƙoran nan huɗu duk a waje.

"Makarantar koyon ɗinki gare ni," matar ta ci gaba. "Makon jiya ya gyara min ɗaya ta waya, ya ce kar in wahalar da kaina in zo. Na ce to, mai gyaran da ya ce kar a kawo masa, shi zan kai wa sauran. Guda shida ne a bayan mota, kuma duk wata zan riƙa turo wasu a duba."

"Ki ce direba ya yi baya," tsohon ya ɗaga murya, "ya shiga lungun mai wankin mota, ƙofa ta uku. Ki yi haƙuri, 'yata. Ƙwararriyar injiniya na ɗauka aiki, ita ke aika min baƙi su gaida katanga."

Matar ta yi dariya ta kashe. Latsau ta riga ta duƙufa a kan kwamfuta, tana jan alamar shagon daga titin gaba zuwa lungu.

"Mutum nawa kika ce?" in ji shi. "Talatin da bakwai? Nawa ne a ciki suke can tsaye har yanzu suna sallama da bulo?"

"Ka yi shiru ina aiki."

"Me za ki rubuta yanzu?"

"'Kira, ya saurari kekenki. In ƙaramin ciwo ne, ya faɗa miki ta waya.'" Ta sauke numfashi, dariya ta ƙwace mata. "Shi ke nan, na sallama. Ka fi ni iya talla, tsohon banza. Amma ka faɗa a gida, in ce ƙarya kake."

"Wa zai yarda da ke?"

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya zaro makullin daga ƙusa, ya kama hannunta ya danƙa mata.

"Ungo tukuicinki. Kai wa ubanki, ya kalla da kyau, ya shafa in yana so. Sannan ki dawo min da abuna kafin in tashi, da shi zan buɗe gobe."

A bakin lungu mota ta yi oda.