Katin Keke a Allo Bakwai

Wani ne muka taɓa yin aiki da shi a Aarhus, a kamfanin da ke rubuta manhajar sayen tikitin jirgin ruwa. Sabon ɗauka ne, yana cikin wata ukun gwaji. Ga ladabi kamar me. Ko ƙofa ya yi karo da ita sai ya ba ta haƙuri.

Ranar da ya fara, shugabarmu Vibeke ta miƙa masa kati ɗaya. An rubuta a jiki: "Fasinja ya iya kama wa kekensa wuri a jirgi."

Ta ce, "Wannan shi ne babban aikin zangon nan, kuma kai ne mai shi. Ranar taron tsara zango na gaba, in na gan shi a gidan An Gama, ka zama namu. In ban gan shi ba, ka dai san inda ka ajiye kekenka."

Ya ce, "Ki ɗauka an gama."

Kowace ƙungiya a wurinmu tana da sunan dabba, tana kuma da allonta mai gida huɗu: Za A Yi, Ana Yi, Ana Jira, An Gama. Mutumin ya rungumi katinsa ya nufi wajen Bushiya, masu zana fuskar manhaja. Shugabansu Troels ya karanta yana kurɓar kofi.

"Mu maɓalli kawai muke zanawa, abokina. In fasinja ya danna, wa zai san ko da sauran wuri a jirgin? Wannan na Mujiya ne. Raba katin da su."

"Yaya ake rabawa?"

"Danna nan. Kati ɗaya ne, amma zai fito a allo biyu."

Ya danna. Sai ga kati a allon Mujiya, da ɗan hoton fuskarsa a kusurwa yana murmushi, tunda shi ne mai aikin. Daɗi ya kama shi. Bai taɓa ganin aikin da ke haihuwa da dannawa ɗaya ba.

Ya hau bene wajen Mujiya. Shugabarsu Solvej ko zama ba ta ce ya yi ba.

"Mu lissafin wuri muke yi. Amma sai na'urar bakin tasha ta gaya mana keke nawa suka shiga. Na Agwagwa ne. Raba da su."

Ya danna. Agwagwa suka ce in keke ya karce a jirgi wa ke da laifi, a tambayi Hankaka masu kula da sharuɗɗa. Ya danna. Hankaka suka ce sharuɗɗan sai an fassara wa Jamusawa, su ne masu zuwa da kekuna. Ya danna. Kafin Juma'a katin yana allo bakwai, fuskarsa tana murmushi a hawa huɗu na ginin.

Ya same ni wajen injin kofi yana washe baki.

"Mako ɗaya kacal, ƙungiya bakwai suna yi min aiki!"

Na ce masa barka. Me zan ce?

Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne dokar taron tsaye. Kowace safiya kowace ƙungiya tana tsayawa gaban allonta na minti goma sha biyar, kuma duk wanda fuskarsa ke allon dole ya zo ya faɗi abu uku: abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ke tare masa hanya. Shi kuwa fuskarsa tana allo bakwai.

Ran Litinin ya fara da Bushiya a ƙasa ƙarfe tara. Ya ruga hawa na huɗu wajen Mujiya. Ya sauko na biyu wajen Agwagwa. Ya sake hawa. Lif ɗin gidan ya fi tsohuwa saiɓi, don haka a ƙafa yake yi. Kafin ya kai ga na bakwai an watse har an wanke kofuna. Kun kuma san al'adarmu, wanda ya yi shirme shi ke kawo kek. Ya makara wa Hankaka, kek. Ya je wajen Mujiya ya ba da rahoton Agwagwa, kek. Mai gidan burodin kusa da tasha har ya daina tambayarsa, da ya hango shi sai ya fara naɗewa. Ni kaina a zangon nan sai da na ƙara huji a bel ɗin wandona, kuma ba na nadama.

Wata safiya ina tsaye aka zo kansa. Yana haki, riga ta jiƙe.

Solvej ta ce, "Me ka yi jiya?"

"Na je taron tsaye."

"Yau fa?"

"Zan je taron tsaye."

"Me ke tare maka hanya?"

"Matakala."

Bayan mako biyu aka shiga taron waiwaye, inda kowa ke faɗin yadda yake ji a ransa. Shi bakwai ya halarta. A na shida aka ba shi takarda ya zana yadda yake ji, ya zana ƙafa.

Ana cikin haka, rannan ya buɗe kwamfuta ya ga katinsa ya tashi daga gidan farko ya tsallake na biyu ya sauka a na uku, Ana Jira. A duk alluna bakwai! Ya ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku, saura ɗaya. Bai tsaya tambayar kowa ba, sai ofishin Vibeke.

"Kashi uku cikin huɗu ya kammala!"

"Tun yanzu?"

"A allo bakwai ma kuwa."

Vibeke ta buɗe taswirar ayyukan shekara ta shafa wa keke launin kore. Ta rubuta wa masu jiragen cewa kafin bazara an gama. Masu jiragen suka buga talla, da hoton wata mata tana tura keke tana dariya.

Saura mako ɗaya taro, kati bai motsa ba. Mutumin ya je wa Troels.

"Yaushe za mu matsa gidan ƙarshe?"

"Da zarar Mujiya sun gama."

Solvej ta ce da zarar Agwagwa sun gama. Agwagwa suka nuna Hankaka. Haka ya yi ta bi har ƙungiya ta bakwai, su kuma suka ce su ba abin da suke jira sai Bushiya su zana maɓalli. Ya dawo hankalinsa kwance.

Ya ce da ni, "Ka ga tsari? Kowa ya san wanda yake jira. Ba mai jiran banza."

Ranar taro aka haɗa mu a babban zaure, mutum sittin, aka jera allunan bakwai a zagaye. A irin wannan taro da jan zare ake nuna wa ke jiran wa. Vibeke ta miƙa masa ƙullin zaren.

"Nuna mana ɗan abin da ya rage."

Ya ɗaura a allon Bushiya ya ja zuwa Mujiya. Daga nan ya tsallaka zauren zuwa Agwagwa. Ya dawo ta tsakiya zuwa Hankaka. Yana juyi zare yana binsa, ta kafaɗa, ta hammata, ta ƙugu. Da ya ɗaura na ƙarshe a allon Bushiya inda ya faro, sai ga shi tsaye a tsakiya, hannu ɗaya a manne da ciki, kamar an ɗauro rago daga kasuwa.

Vibeke ta ɗora yatsa a kan zare ta bi shi. Ta zaga zauren kaf ta tsinci kanta inda ta tashi. Ta sake zagawa, ko ta yi kuskure. Sannan ta cire tabarau.

"Tambaya ɗaya. A cikin ku sittin ɗin nan, wa ya rubuta ko layi ɗaya na aikin keken nan?"

Kowa ya kalli na kusa da shi.

"Troels?"

"Jira muke yi."

"Wata uku?"

"Ba a zaune muka yi shi ba, Vibeke. Kullum a tsaye."

"Solvej, ke ba ki ga abin da ke faruwa ba?"

"Na gani mana. Na ɗauka ya sani. Kullum yana zuwa da kek yana murmushi."

Vibeke ta juya kan mutumin, fuskarta ta yi ja har wuya.

"Kai kuma, ka tattara naka ya naka. Yau ɗin nan. Gunvor, rubuta masa takardar sallama!"

Gunvor ita ce mai kula da ma'aikata, dattijuwa ce da ba ta taɓa gaggawa ba a rayuwarta. Ta ajiye cokalin kek ɗinta ta goge baki.

"Ba a nan take ake yi ba. Fuskarsa tana allo bakwai, sai kowace ƙungiya ta sake shi. Ba za su sake shi ba sai masu kwamfuta sun rufe sunansa. Masu kwamfuta ba sa rufewa sai ya mayar da katin shiga gini. Masu gini ba sa karɓa sai wakilin ƙungiyar ƙwadago ya sa hannu. Shi kuma wakili sai ya ga shaidar cewa ƙungiyoyin bakwai sun sake shi."

"Gunvor!"

"Kuma in ba a gama kafin ƙarshen wata ba, gwajinsa ya ƙare, ya zama ma'aikacin dindindin."

Vibeke ta zauna ta dafe kai da hannu biyu.

"To yanzu wa zai bi min wannan duka?"

Sai mutumin ya zaro hannunsa ɗaya daga cikin zare, ya ɗaga shi cikin ladabi.

"Babban aiki ne, Vibeke. Rubuta shi a kati ki ba ni, ni zan raba musu."