Awa Biyu Cif Zuwa Kano

Kaf Hausawan unguwar Glass ta Libreville babu wanda ya san sararin sama kamar Alhaji Maitama mai shagon atamfa. Sau goma sha ɗaya ya hau jirgi, kuma ga tikitocin nan an jera a firam, sama da hoton mahaifinsa. Ko jirgi ne ya gifta ta bakin teku sai ya duba agogo ya girgiza kai, wai direban ya makara. 'Yan kasuwa suka raɗa masa Sarkin Gajimare, shi kuwa yana amsawa da hannu biyu.

Da 'yarsa Rauda ta haifi ɗan fari a Kano, surukinsa ya bar masa zaɓen suna. Alhaji ya zaɓi nasa, don ya duba bai ga wanda ya fi shi ba. Amma ya ƙi faɗa ta waya. Suna irin wannan, in ji shi, da baki ake kai shi, bakin ma wanda ya sauko daga jirgi.

Raɗin suna safiyar Juma'a ne, sai ya yanki tikitin Alhamis. Ya shimfiɗa taswira bisa atamfa, ya auna da tef ɗin tela, ya sanar wa jama'a cewa daga Libreville zuwa Kano kilomita dubu da ɗari uku ne, awa biyu cif. Tikiti ma ya gaskata shi: tashi sha biyu da rabi, sauka ɗaya da rabi, ga “+1” a gefe. A ƙara awa ɗaya ke nan.

Nazira, 'yar ƙaninsa da ta yi lise, wato sakandare, ta durƙusa ta ce a ganinta “+1” washegari ake nufi, akwai eskal a hanya, wato jirgi zai yada zango a wani gari.

“Ke Nazira, jirgin da kika sani na cikin littafi ne. Ni sai da matuƙi ya gaishe ni da hannu. Da la'asar ina Fagge ina shan fura.”

Da la'asar yana sama. Awa uku, awa huɗu, ya kira ma'aikaciya ya shaida mata direba ya ɓata hanya, in ana so ga shi ya nuna. Aka ba shi ruwan lemo. Jirgi ya sauke shi Addis Ababa, inda babu mai jin Hausa balle ya ji labarin tikiti goma sha ɗaya. Wayarsa kuma ba ta kama layi a can.

Ya isa Kano ɗaya da rabi daidai, ran Juma'a. An feɗe rago, an naɗe tabarmi. Liman ya jira har hantsi, da ya ga shiru sai aka sa wa yaro sunan ɗaya kakan, Malam Zakiru mai facin keke, wanda bai taɓa wuce Wudil ba.

Shi a ƙafa ya zo, minti goma.