Jirgin da Ba Ya Jiran Gaisuwa

Ba zan taɓa mantawa da wannan hantsin ba, ko da na so, domin duk lokacin da na ji an kira surukina "Malam" a wurin da ya kamata a ce "Alhaji" sai abin ya dawo mini sabo.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Talata Mafara, kuma ina fama da wata cuta da asibiti ba ya dubawa: tuƙa jirgin sama a kwamfuta. Ban taɓa shiga jirgi ba (gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya faɗa), amma ni da wasu mutane da muka haɗu a intanet, waɗanda ban san fuskar ko ɗaya ba, mun ɗauki wani tsohon jirgi mai inji huɗu, irin wanda ya yi jigilar alhazai zamanin iyayenmu, muna gina shi cikin kwamfuta, waya bayan waya, bututu bayan bututu. Wani ya ɗauki lantarki, wani taya da birki, ni aka ba ni ɓangaren mai. Irin wannan jirgi mutum uku ke tuƙa shi: matuƙi, mataimakinsa, da injiniya da ke bayansu yana fuskantar bango cike da agoguna, yana lura da wane tanki ke shayar da wane inji. A falona ni ne duka ukun.

Na karanta tsofaffin littattafan jirgin nan fiye da darussan da aka ɗauke ni in koyar. Na tsara shi yadda idan tankin tsakiya ya kusa ƙarewa, wata fitila ruwan ɗorawa za ta kama. Idan ba ka juya zuwa tankunan fukafukai ba, injuna su mutu ɗaya bayan ɗaya, wuta ta ɗauke, na'urar da ke riƙe jirgi a sama ta sake shi. Ranar da na fara ganin wannan masifa ta jeru daidai yadda littafi ya ce, har rawa na taka. Sannan akwai wani maɓalli da ke tsayar da komai cak, don mutum ya je ya sha ruwa ya dawo. Na cire shi daga nawa. Hujjata ita ce jirgin gaske ba ya tsayawa a sama don matuƙi zai amsa waya.

Surukina manomi ne a Maradun, mutumin gero da gyaɗa. A shekarar 'ya'yansa suka haɗu suka samar masa kujerar Makka, abin da ya daɗe yana roƙon Allah. Sai dai tun da aka gaya masa barci ya ƙaurace masa. Mutumin da ke kama bijimi da hannu, jirgi yake tsoro.

"Mota in ta lalace, a sauka a tura," in ji shi. "Shi wanga hwa?"

Hadiza, matata, ita ta kawo shawara. Ta ce tunda Baba zai shigo Mafara allurar maniyyata, in nuna masa yadda tafiyar take, ya ga ba komai ba ce.

"Amma don Allah ka sa mishi mai sauƙin nan da 'yarmu Ummi ke wasa da shi," ta ce. "Wanda ba ya faɗuwa."

Na dube ta irin duban da nake yi wa ɗalibin da ya ce rana ke zagaya duniya. Na ce Baba jirgin gaske zai shiga, saboda haka na gaske za a nuna masa. (Hadiza ba ta yi digiri a kimiyya ba. Na yi. Ku riƙe wannan.)

Ranar ta faɗo Talata, ana hutun makaranta. Na haɗa kwamfuta da talabijin, na aro lasifika, na kafa sandar tuƙin da wani mai walda ya ƙera mini da kan babur. Baba ya zauna a kujera mai laushi, ni na zauna a 'yar kujerar tsakar gida, don kada kaina ya wuce nasa. Na nemi gafarar juya masa baya. Na kuma yi masa ɗan jawabi, cewa duk abin da zai gani a nan, komai nasa na gaske ne, ba a rage ko ƙusa ba.

Muka tashi daga Sakkwato. Ban taɓa tashi mai kyau irin na ranar ba. Na karkato da jirgin ta wajenmu da gangan, na saki na'ura ta riƙe shi, na shiga nuni.

"Baba, ga Bakura can. Wancan mai ƙyalli dam ɗin Bakolori ne."

Ya matso gaba, ya dafa gwiwa. "To ina gonata?"

Na ce gonaki sun yi ƙanana daga nan. Ya yi dariya, dariyar da Hadiza ta ce rabonta da ji tun kafin azumi. Ya ce ashe abin ba ya girgiza kamar motar Maradun. Har ya tambaya ko mutum na iya sallah a zaune a ciki. Na waiga na ga Hadiza a bakin labule tana murmushi. A daidai nan da na kashe kwamfutar, da yau wani labari nake ba ku.

Amma mai kaɗan na zuba a tankin tsakiya, da gangan, don fitilar nan ta kama a gaban Baba, ya ga yadda surukinsa ke juya tanki. Ta kuwa kama. Na miƙa hannu ke nan sai na ji sallama.

Malam Buba ne, aminin Baba tun suna yara, ya shigo kasuwa daga Kaya ya ji labarin maniyyaci na gidana. Dattijo ne mai nauyin kunne, wanda bai taɓa yanke gaisuwa ba a rayuwarsa, kuma bai taɓa bari an yanke masa ba. Me zan yi? Abokin suruki ya shigo, surukin na kallo. Na sauko daga kujera na durƙusa, kai a ƙasa, jirgi a bayana.

"An kwana lahiya? Ina gajiya? Ina aiki? Ya munka ji da zahi? Ya mutanen gida? Ya ƙanana?"

Ina amsawa "lafiya lau" da sauri-sauri, kamar mai biya karatun da bai haddace ba. Ya koma kan Baba, suka yi tasu. Na ga kamar an gama. Na fara ɗagowa a hankali, yatsana ya kusa kai wa maɓallin juya tanki, sai Malam Buba ya juyo.

"To Malam, ina gajiya?"

Zagaye na biyu ke nan. Na koma ƙasa. A bayana na ji ƙarar inji ɗaya ta yi sanyi. Ni kaɗai a ɗakin na san ma'anar wannan sautin, domin ni na zaɓe shi. Na biyu ya bi shi. Ƙararrawa ta fara. Na buɗe baki zan ce a gafarce ni, sai Malam Buba ya ɗaga tafukansa ya ce a yi wa maniyyaci addu'a.

Wa ke sauke hannu ana tsakiyar addu'a? Na ɗaga nawa. Malam Buba ya rufe ido, ba ya jin komai sai muryarsa. "Allah shi kai ka lahiya, shi maido ka lahiya." Muka ce amin. Na saci kallon Baba. Hannuwansa a buɗe suke, bakinsa na cewa amin, amma idonsa na kan talabijin, inda sama ta koma gefe, dam ɗin da na nuna masa ɗazu yana ta girma. Muna shafawa, allon ya cika da ruwa. Sai shiru.

Malam Buba ya duba ya ce ai wannan talabijin tana nuna ruwa da kyau.

Baba ya ƙura wa ruwan ido. Can ya ce, "Malam, mutanen ciki hwa?"

"Babu kowa a ciki, Baba. Wasa ne kawai."

"Ɗazu ka ce komi nashi na gaske na."

Na ce mantuwa ce, baƙo ne ya shigo, ban samu na juya tanki ba.

"Kai da ka karance littahinai dut." Ya gyara hularsa. "To shi direban can, ba a yi mai baƙi?"

Na fara bayanin cewa su uku ne a can, kuma ƙofarsu a kulle take. Na ce bari in sake tayar da shi ya ga yadda ake sauka. Ya ɗaga hannu.

"A'a. Bar su su huta."

Ba a daɗe ba saƙo ya zo daga Maradun: bana a bar wa ƙanensa kujerar. Bai ambace ni ba. Cewa ya yi damina ta matso, ba zai bar shuka a hannun yara ba. Na je har gida na durƙusa, na yi bayani da zane a ƙasa, ya saurara da ladabi kamar yadda ɗalibaina ke yi idan sun riga sun yanke shawarar ba za su gane ba. Shekarar da ta biyo baya ya ce ya shirya, sai ciwon ƙafa da hawan jini suka ce ba su shirya ba. Yanzu ko masallacin Juma'a sai an kai shi a mota. Na san tafiya Makka kira ce, kowa ya gaya mini haka, har Hadiza, wadda ba ta taɓa cewa "ai na gaya maka" ba. Tana dai share falo ta zagaye kwamfutar, kamar yadda ake zagaye kabari.

Baba bai riƙe ni ba. Idan na je gaishe shi yakan bi layi kamar kullum, ya aiki, ya iyali, ya zafi, sannan a ƙarshe, ba tare da murmushi ba, "Ya mutanen dam?" Ni kuma in ce suna lafiya.

Na mayar da maɓallin tsayarwa, na ma shafa masa jan fenti. Abokan aikina na intanet sun tambayi dalili, tunda ni na fi kowa zafi a kan a cire shi. Na rubuta musu cewa littattafan jirgin sun lissafa duk abin da ke iya kashe inji, tsuntsu, ƙanƙara, ruwa a cikin mai, amma waɗanda suka rubuta su ba su da suruki a Maradun. Duk na'urar da za ta zauna a falon Bahaushe, sai ta koyi jira a gama gaisuwa. Ni na koya, sai dai da kujerar wani na biya karatun.