Kwalbar Kojo a Firigona

Ba zan taɓa mantawa da ranar da harshena ya tona mini asiri gaban uwar mijina ba. Sana'ata haɗa abin sha na biki a nan Malanville: bisap (wato zoɓo), jinja, lemun tsamiya. Kuma ina da wata cuta, ba na iya ganin kwalbar da ban sani ba in wuce ban ɗanɗana ba (ni bincike nake kiran abin, maigidana kuwa ya ce kwaɗayi ne tsagwaronsa).

Wata safiya yayana ya zo da abokinsa Kojo, mutumin Kwatano, za shi Yamai amma takardun motarsa sun maƙale a duwan, wato kwastan. Ya roƙi in ajiye masa kwalabe shida a firigona kar zafi ya taɓa su. Ba rubutu a jikinsu, sai zanen tsamiya, an toshe bakin an ɗaure da waya. Tsamiya fa! A garina, cikin firigona. Suna fita na buɗe ɗaya.

Kumfa ta taso. Kurɓar farko tsami ya kama mini haƙora. Ta biyu na ji ƙanshin tsohon katako da ya sha ruwa. Ta uku, wallahi, wani wari kamar garken awaki da damina, amma can ƙarshensa akwai ɗan daɗin da na kasa gane tushensa. Don in gano shi na ƙara ta huɗu da ta biyar. Sai na yanke hukunci: bawan Allah ya bar lemunsa ya lalace, kuma ba shi da mai faɗa masa gaskiya.

Da la'asar Hajiya, uwar mijina, ta zo mu yi maganar bikin autarta. Tana wasiwasi ne ko ni za ta ba aikin abin sha ko wata mai lemu ta Gaya, ni kuwa na ƙudura sai na nuna mata ba wadda ta kai ni sanin aiki. Sai ga Kojo ya dawo ɗaukar kayansa. Na tsare shi, na zayyana masa tsamin, da katakon, har garken awakin, na ɗora da shawarar sukari da citta da yawan wanke jarka.

Mutumin nan maimakon ya ji haushi sai ya washe baki. Ya ce shekara guda abin ya yi cikin gangar katako, ba a sa masa yis na kanti ba, ƙwayoyin cikin iska ne suka tsima shi a hankali, kuma ko masu sayen giyarsa ba su taɓa kwatanta ta daidai haka ba.

"Giya?" in ji Hajiya.

"Eh, Mama. Madam ta san ɗanɗano ƙwarai."

Kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Na shiga rantsuwa ban sani ba, kan harshe kawai na ɗan taɓa. Hajiya ta ɗauki kwalbar da na buɗe, ta ɗaga ta a hasken ƙofa, muka ga saura rabi.

Ta ce in je in kurkure bakina in yi istigfari, rashin sani Allah na yafewa. Allah dai ya yafe, ina fata, amma mai lemun Gaya ce ta yi bikin, ni aka ba ni rabon ruwan leda.

Yanzu in na ga baƙuwar kwalba tambaya nake fara yi. In kuma hali ya rinjaye ni na riga na kurɓa, sai in haɗiye har da ilimin.