Hoton 'Yata Ya Ƙi Kama da Ita

Jama'a, jiya na yini a ofishin 'yan sanda ina rantsuwa cewa 'yata 'yata ce.

Sana'ata ɗaukar hoto. Shekara ashirin ina wanke wa mutane fuska a kwamfuta, kowa ya shigo baƙi ya fita jajir. Ƙaton allon nan na bakin titi, mai hoton Mai Girma Uban Talakawa, aikina ne. Na haska shi har sai da direbansa ya tambaye ni ko sabon ɗan takara ne.

To, Auta, 'yata ta ƙarshe, ta kama waƙar hip-hop. Ni da na ɗauka surutu ne kawai da ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. Ashe kamfanin da ke shimfiɗa mana titi yana da ƙofa biyu da famfo biyu, ɗaya na farare da aka kawo daga waje, ɗaya na 'ya'yanmu. Auta ta yi waƙa a kai. Shekaranjiya ita da abokanta suka kafa lasifika a ƙarƙashin allon, tana rerawa: "Baƙar fatata ba datti ba ce, wa ya ce a wanke ta?" Mai Girma, Allah ya ƙara masa lafiya, wanda layin man fetur na wata uku bai taɓa tashinsa daga barci ba, cikin minti goma ya ji waƙar. Aka kwashe su.

Maƙwabcina tela ya ce, "Ka tafi da hotonta, za su nemi shaida."

Na ciro wanda na fi alfahari da shi, na miƙa wa sajan. Ya duba, ya leƙa ciki, ya dawo.

"Baba, wannan ba ta nan. Tamu baƙa ce."

"Ita ce, ranka ya daɗe. Haske ne ya yi yawa."

"Wane maƙaryacin ne ya ɗauki hoton?"

Na ce wani ne can a bayan kasuwa, kuma ban san shi ba.

Sai da aka fito da ita. Ta karɓi hoton, ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta yi dariya.

"Baba, tun ina firamare kake yi mini haka. Na ɗauka kunyata kake ji."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Na buɗe baki in ce ai kasuwa ce ke son haka, sai na ji babu daɗin faɗa. Na ce, "Sajan, ni ne maƙaryacin. Ba ni takardar in sa hannu."

Aka sake ta, muka taho. Da muka iso shago ta zauna a kan kujerar hoto, ta ce in ɗauka, kar in taɓa komai. Na ɗauka. Yarinyar nan ashe kamarta ɗaya da mahaifiyata.

Yau da safe ga ɗan aike. Waƙar ta zagaye gari, don haka Mai Girma ya gano cewa shi ma tun fil azal masoyin matasa ne, yana gayyatar Auta ta yi wasa a taronsa. Ta ce sai an toshe ƙofa ta biyu ta kamfanin nan.

Na yaba mata ƙwarai. Amma na ba da rigata guga, ko da za a nemi iyaye.