Jan Fenti a Bayan Faifai

Ba zan taɓa mantawa da liyafar auren Isufu direba ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

A shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, iskar ta kaɗo har kanmu masu aiki a ƙarƙashin 'yan kasuwa. Kowa ya ruga ya sayi abin da ya daɗe yana mafarki. Wasu babur, wasu kwanon rufi. Ni garmaho na saya, mai aiki da batir. A lokacin ina akawu a ofishin wani Alhaji mai manyan motoci a Jibiya, aikina cike takardun motocin da ke tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Aiki ne na zama da jira, kuma mai yawan jira ba ya rasa abin da zai ɗaura wa kansa. Ni sai na ɗaura wa kaina sarautar faifai.

Kiɗan da muke yayi shi ne na ƙungiyoyin baƙaƙen fatar Amurka, wanda muke ce wa sol. Za ka gan su a jikin kwalin faifan su huɗu ko biyar, kwat iri ɗaya, suma a tsaye kamar an kifa masu kwando. Ɗaya ya ɗauki siririyar murya ya yi sama da ita har ka rantse mace ce, ɗaya ya riƙe ƙasa da murya irin ta bijimi, sauran su bi da amshi a hankali. Ƙananan fayafayai ne masu babban rami a tsakiya, waƙa ɗaya a kowane gefe. A gaba akwai wadda ta yi tashe, wadda ake sa wa a rediyo, kowa ya san ta. A baya kuma akwai wata.

Sau ɗaya tak na taɓa juya faifai. Na ji abin ya fara a sanyaye, ba ganga, ba wurin taka rawa, ban bari ya yi nisa ba na ɗage allura. Daga wannan bincike mai zurfi na yanke hukunci a kan dukan mawaƙan Amurka: gaban faifai shi ne tsaba, bayansa ƙaiƙayi ne, cikon mudu kawai. Na riƙa faɗar haka a majalisa, samari suna gyaɗa kai. (Ni kaɗai ne na yi sakandare a cikinsu, saboda haka ko tari na yi sai a ce da ma'ana.)

Damuwata ɗaya ita ce masu aro. A ari faifai, a dawo maka da kwali babu komai a ciki, ko ka gan shi a ɗakin wani ya rantse maka nasa ne. Maganin abin a wajen Hajiya mai tuwo na samo shi, wadda ke sayar da abinci a bakin tasha. Direbobi sun addabe ta da tafiya da kwanuka, sai ta sa aka yi wa kowane kwano shaida da fenti a gindi. Ko a Damagaram aka ga kwanonta an san nata ne. Na ce wallahi wannan ita ce dabara. Na ɗauko gwangwanin jan fentin da muke yi wa buhuna shaida da shi a ofis, na zauna ranar wata Lahadi na bi fayafayaina ɗaya bayan ɗaya, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe a bayan kowanne, na ƙara da JIBIYA a ƙasa don kada a yi gardama. Na jera su a rana suka bushe. Na daɗe ban yi aikin da ya burge ni kamar wannan ba.

To, fayafayan nan ba daga sama suke faɗo mini ba. Isufu ne ke kawo su. Mutumin Maraɗi ne, yana jan ɗaya daga cikin motocin Alhaji har Kwatano, can yake samo su a bakin teku. Ba ya jin Turanci ko na cefane, Faransancinsa ma na kan hanya ne. Yana kirana Mushe, yadda mutanensu ke kiran ɗan boko, ni kuwa a zuciyata ina yi masa kallon jakin da ke ɗauke da littattafai. Shi ma yana da ɗan ƙaramin garmaho a gaban mota, in ya tsaya jiran takarda sai ya kunna a gindin bishiyar da ke kusa da rumfar Hajiya. A nan ya daidaita da ɗiyarta Rakiya.

Saura kwana huɗu biki ya shigo ofis, ya cire hula, ya zauna a bakin benci.

"Mushe, alfarma nika nema. Faifan nan na mutum biyar masu shuɗin kwat, guda biyu na kawo, ɗaya naka ɗaya nawa. Nawa na mance shi a gaban mota, rana ta lanƙwashe shi."

Na ce, "Allah ya mayar da alheri."

"Akwai waƙa guda a ciki. Ran da Rakiya ta fara yi mani magana ita nika ji. Ta ce, direbobi duk bakinsu ɗaya, amma ran da ka sa mani wagga a gaban mutane na san da gaske kake. Na ɗaukar mata alkawari, Mushe. Ka san ta kuwa?"

Sai ya rufe ido ya ɗan rera mini da hanci.

Ban taɓa jin ta ba. Ko kama ba ta yi mini da wani abu da na sani. Amma akwai direbobi biyu a bakin taga suna saurare, kuma ni ne sarkin faifai. Na yi dariya na ce, "Haba Isufu, wannan ai ko cikin barci aka tashe ni. Ka je ka ji da sauran hidima, wannan ka bar mini."

Na gaya wa kaina cewa muryarsa ce ba ta da kyau, waƙar gaba ce yake nufi ya ɓata ta. Ban ko ɗauko faifan na duba ba. (Maraɗi kuwa ba nisa, kullum motocinmu sai sun je sun dawo. Ku riƙe wannan, zai yi amfani an jima.)

Ranar liyafa bayan la'asar aka share filin garejin Alhaji, aka jera bencina da tabarmi, aka kawo lemo. Abokan ango sun zo daga Maraɗi cike da mota, amarya na zaune a tsakiyar ƙawayenta. Ni kuwa na ci ado: wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, takalmi mai tudu, tabarau baƙi. Aka ba ni tebur ni kaɗai. Kafin kowane faifai sai na yi ɗan jawabi, in faɗi garin da mawaƙan suka fito da abin da suke nufi, rabi na karanta a kwali, rabi na ƙaga.

Da lokaci ya yi na miƙe na ce, "Jama'a, yanzu ga saƙon ango zuwa ga amarya." Na ɗora allura. Ganga ta tashi, samari suka zabura za su shiga fili.

Isufu ya ɗaga hannu. "Mushe, ba wagga ba. Ta baya. Juya shi."

Akwai wani irin sanyi da ke farawa daga tafin ƙafa, ko a cikin takalmi mai tudu yana samun mutum. Na ce ina jin batir ya yi sanyi. Wani direba ya ce ga batura sababbi a motarsa. Na ce allurar ce ta gaji. Isufu ya ce ai yanzun nan ta yi kiɗa. Na buɗe baki in kawo dalili na uku, na tarar babu.

Ya taso da kansa, cikin babbar rigarsa ta angonci. Ya ɗauki faifan da tafukan hannu biyu ta gefe-gefe, ba tare da yatsa ya taɓa fuskarsa ba (ni da nake sarki ban taɓa riƙe faifai haka ba), ya juya.

Ga sunana nan ja wur, daga wannan gefe zuwa wancan. Ga JIBIYA a ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a hankali, "Wanga ai fentin buhu ne."

Wata ƙawar amarya, malamar firamare, ta leƙo ta karanta sunan da ƙarfi, harafi bayan harafi, don amfanin waɗanda ke baya. Aka fara ƙunshe dariya. A daidai nan Hajiya mai tuwo ta iso da masu ɗauke da abinci, ta dubi abin da ke hannun surukinta, fuskarta ta washe.

"Kai, yaron nan akwai hankali! Ni ma haka nake yi wa kwanukana. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Garejin nan ya ɗauki dariya har da masu riƙe ciki. Mutum biyu ne kawai ba su yi ba, ango da amarya. Rakiya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Isufu ya ɗora faifan a kan garmaho haka nan da fentinsa, ya sa allura a bakin gefe, inda burushina bai kai ba. Aka yi tsit.

Wata murya ta fito ita kaɗai, siririya, ba ganga ba komai, kamar mai magana da wanda ke barci ba ya son ya tashe shi. Sai sauran huɗun suka shigo ta ƙarƙashinta a tare. Shekara guda abin nan yana ɗakina, ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Bai wuce numfashi uku ba, bawan Allah nan na Amurka ya ci karo da harafin farko na sunana. Allura ta yi ƙara, ta yi tsalle, ta zame har tsakiya.

Shirun da ya biyo baya ya fi dariyar ciwo.

Sai Isufu ya gyara tsayuwa, ya fuskanci amaryarsa, ya ɗauki waƙar daga daidai inda ta yanke. Muryarsa ta direba ce, ƙurar hanya da goro sun gama da ita, in ya zo hawa sama sai ta tsage. Kalmomin kuwa ba Turanci ba ne, ba kuma wani harshe ba ne da Allah ya saukar. Yadda kunnensa ya ji haka bakinsa ya maimaita. Amma bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Can sai direbobin nan biyu da suka ji alfaharina a bakin taga suka miƙe, suka tsaya a bayansa suna yi masa amshi, ɗaya ma ya riƙe muryar bijimin. Ashe duk sun san ta. Mutumin da ke kwana huɗu a hanya da fayafayai shida ba ya raina bayan faifai.

Ni mai Turanci ina tsaye da tabarau, ban san baiti ɗaya ba.

Da suka kai ƙarshe babu wanda ya yi tafi nan take. Rakiya ta ɗago kai, idonta ya cika, tana kuma danne dariya. Ta ce, "Ita ce." Sai guɗa ta tashi.

Da taro ya watse ina haɗa kayana, ina addu'ar kowa ya wuce ta wata ƙofa, Isufu ya zo ya tsaya. Na shirya jin zagi, har na ƙagu ya zo in huta. Ya taya ni naɗe wayar lasifika, sannan ya ce, "Mushe, da ka ce mani ba ka san ta ba, da na tahi Maraɗi na nemo. Kwana huɗu gare mu." Ya miƙo mini wayar ya tafi. Na ji kunya a rayuwata kafin nan da bayan nan, amma ba irin wannan ba.

Washegari na gwada kananzir, fentin ya ƙi fita. Na gwada fetur, abin da ba a rasawa a Jibiya, fentin ya fita tare da waƙar. Sauran fayafayan ban ƙara taɓa su da komai ba. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juyawa, ina sa allura a bakin gefe. Wata ta ba ni layi ɗaya, wata biyu, kafin sunana ya tare hanya. Wasu ba su da daɗi, gaskiya, ƙaiƙayin ne. Amma da yawa sun fi na gaban nesa ba kusa ba: a gaba mawaƙan suna yi wa kasuwa waƙa ne, a baya suke yi wa kansu. Haka na zama mutumin da ya fi kowa a Jibiya sanin farkon waƙoƙi, ban san ƙarshen ko ɗaya ba.

Isufu ya ci gaba da kawo mini fayafayai, sai dai duk ran da zai miƙo sai ya tambaya, fuska ba dariya, ko gwangwanin yana ofis. Na mutum biyar masu shuɗin kwat kuwa bai sake samunsa a Kwatano ba. Har yau ban taɓa jin waƙar nan cikakkiya daga bakin masu ita ba. In ta faɗo mini a rai, Ba'amurke ne ke fara layin farko, daga nan sai muryar Isufu ta karɓa, da tsagewarta da komai, har ƙarshe.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi: kafin ka rubuta sunanka a kan abu, juya shi ka saurara. In kuma direba ya rera maka waƙa ya ce ka san ta, ka ce masa a'a.